Ƙayar Furoje

Gonar Maiguwa tana cikin fadamar da ke gabas da Ibohaman, inda ƙoramar da ke saukowa daga tsauni take baje ruwanta. Wurin ubansa ya gaje ta. A zamanin ƙuruciyarsa babu mai ratsawa ta wajen da kaka bai tsaya ya ƙara kallon dawarta ba. Akwai rijiya a tsakiyarta, da gawo biyu, da wata magarya da yaran ƙauyen suka fi kowa sani. Da rani yakan yi albasa da tumatir a gefen rijiyar. Da wannan gona shi da matarsa Baraka suka rayu, da ita suka aurar da ɗiyansu.

Yanzu Maiguwa ya haura saba'in, Baraka tana biye da shi, kuma ƙaya ta cinye fiye da rabin gonar.

Iccen ba na ƙasar ba ne. Kakanni ba su bar masa suna ba, shi ya sa mutanen ƙauyen suke ce masa ƙayar furoje, don furoje ne ya kawo shi. A shekarar babbar yunwa, da ruwa ya ƙi, maza suka watse neman abinci, Maiguwa ya tafi Abijan ya bar Baraka da yara uku. Ana cikin haka aka zo da furojen, wato aikin gyaran ƙasa. Mata ne suka yi shi, don su ne suka rage a gari. Suka ɗauki duwatsu a ka suka jera a kan fako don tare ruwa, suka haƙa ramuka a jikin tsauni, suka dasa 'yan itatuwan da ake kawowa a kamiyo, babbar motar kaya, cikin baƙar leda. Ladan aikin abinci ne, dawa da mai da kifin gwangwani. Da shi Baraka ta riƙe gida har mijinta ya dawo. Yara biyu ya tarar. Ƙaramar, Husna, ta rasu yana can.

Iccen ya yi abin da aka kawo shi dominsa. Inda ko ciyawa ba ta fitowa ya kama, ya yi kore shar har da tsakiyar rani. Ruwan da ke kwararowa daga tsauni yana yaga gonaki ya rage ƙarfi. Mata suka huta da tafiyar wuni neman iccen girki. Shekaru da dama, in baƙo ya zo, Baraka takan nuna masa gefen tsaunin ta ce, “Ka ga layin can? Ni da su Rukaiya munka dasa shi.”

Abin da ba a gaya musu ba, wataƙila masu kawowar ma ba su sani ba, shi ne iccen ba ya zama inda aka ajiye shi. 'Ya'yansa dogaye ne masu zaƙi, awaki da shanu suna son su. Su ci a tsauni, su sauko fadama su yi kashi, iri ya tsira cikin taki da damshi. A fadama ya sami abin da bai samu a kan dutse ba. Ya yi ta yaɗuwa, rassansa suna shimfiɗa a ƙasa suna sarƙewa, ƙayarsa tana kai tsawon yatsa, tana huda ko takalmin taya. In an sare shi, kututturen ya tofo da rassa barkatai. Saiwarsa ta bi ruwa har cikin rijiyoyi. Magaryar gonar Maiguwa ta bushe a tsaye, gawo ɗaya ya bi ta. Zabin daji da zomayen da ake gani a da suka ɓace, diloli kuwa suka sami maɓoya, suna fitowa da rana tsaka suna ɗauke 'yan awaki.

Wata shekara bayan girbi aka tara mutane a ƙofar gidan maigari. Wani ma'aikacin gandun daji ya zo daga Keita da diga da gatura a bayan mota. Ya ce sara kaɗai ba ya kashe iccen, sai an haƙe gindin an cire saiwa, ko kuma a tara kara a kan kututturen a ƙona shi har ya mutu. Aka yi gayya. Da farko an fito da yawa, har da mai ganga. Amma samari suka tafi bida kamar yadda suka saba, wasu Libiya wasu Aljeriya, waɗanda suka rage kuma suka ga ana ta wahala ba a buɗe abin a zo a gani ba. Ɗaya bayan ɗaya suka janye. Maiguwa bai janye ba.

Ba shi da mataimaki sai matarsa. Babban ɗansu yana Abijan da iyalinsa, ya daɗe bai zo ba. Ɗiyarsu Hannatu tana aure a Keita. Autansu Kamilu, wanda aka haifa bayan yunwa, yana Tamanrasat yana aikin gini. Kowace safiya, in ya sha kunu, Maiguwa ya saɓa diga da gatari, Baraka ta bi shi da adda da gorar fura. Shi ya sare ya haƙa, ita ta ja rassan da doguwar sanda ta tara gefe. Gindi ɗaya yakan cinye musu wuni. Hannuwansu duk zane ne, sabo a kan tsoho. Ba su cika magana ba in suna aiki, sai dai in saiwa ta fito gaba ɗaya Maiguwa ya ɗaga ta sama ya nuna mata, ita kuma ta ce, “Madalla.”

Mai leƙo su a gonar mutum ɗaya ne, Alƙasim, Buzu makiyayi da zangonsu ke bayan tsaunin. Tun suna samari suke abota da Maiguwa. A da, bayan girbi, shanunsa ne ke cin karan gonar su bar taki. Yanzu Maiguwa ya hana, don takin da irin ƙaya yake zuwa, kuma Alƙasim bai ji haushi ba. Ranar nan ya zo ya tsuguna a inuwar gawon da ya rage, ya gaida su da aiki.

“Har yanzu kai da abokin gabanka?” in ji shi.

“Shanunka ka shibka shi, ni ina cirewa,” Maiguwa ya ce yana share zufa. “Ka ga aiki ba ya ƙarewa.”

Alƙasim bai yi dariya ba. “Su ma ba su tsira ba. Ka san jar saniyata, mai karyayyen ƙaho? 'Ya'yan iccen ga ta yi ta ci da rani, don babu wani abu. Haƙoranta sun zube, baki ya karkace, harshe waje. Tana kallon ciyawa ba ta iya tsinka. Jiya na sa mata wuƙa.”

“Allah shi mayar da alheri,” in ji Baraka.

“Amin. Uwarta ce sadakin uwar ɗiyana.” Ya miƙe ya karɓi gatarin daga hannun Maiguwa ya taya shi sara har azahar.

A bazarar wannan shekara Maiguwa ya sake dabara. Ya ga haƙa gindi ɗaya-ɗaya ba zai kai shi ko'ina ba, sai ya ce zai sare dukkan gefen da ke kusa da ƙorama, ya bar kututturan su sha rana, ya ƙone su gaba ɗaya kafin ruwa ya sauka. Ya sare fili mai faɗi, har mutane suka fara tsayawa suna kallo. Saura ƙuna.

Wata rana da hantsi, Baraka ta tafi rijiya, Maiguwa yana jan wata saiwa da ƙarfi sai ta tsinke. Ya ja da baya, diddigensa ya sauka a kan busasshen reshe. Ƙayar ta huda takalmin ta shige. Ya zauna ya zare ta, amma tsinin ya karye a ciki. Ya yagi bakin rawaninsa ya ɗaure.

Da za su koma gida ta ga yana ɗingishi.

“Maigida, mi ya sami ƙafarka?”

“Ƙaya ce, awa kullum.”

“Bari in mun je gida in duba maka da allura.”

“Ta fita. Bar ta.”

Ta bar ta, don ba yau ƙaya ta fara sukarsu ba. Shi ma bai ɗauke ta a bakin komai ba, tunda ba ta yi masa zafi sosai. Ya ɗiga mata man shanu mai zafi, ya ci gaba da zuwa gona yana tara kara a kan kututture, yana duban gabas ko hadari ya fara haɗuwa. In ta tambaya ya ce da sauƙi.

Wari ne ya tona. Wata safiya yana alwala a tsakar gida ta ga ƙudaje sun yanyame tsumman. Ta tsuguna ba ta nemi izini ba ta kwance. Diddigen ya yi baƙi, ƙafar ta kumbura har idon sawu, yatsu biyu sun canja kama.

“Inna lillahi! Maigida, haka kake yawo?”

“Saura kaɗan in gama ƙunar,” ya ce. “In ruwa ya sauka ban ƙone su ba, aikin banza na yi.”

Ta aika aka kira Alƙasim. Ya zo da amalanken jaki, suka shimfiɗa tabarma suka ɗora shi yana ta faɗa, suka kai shi likitar Ibohaman, ƙaramin asibitin garin. Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya duba ƙafar, ya soki yatsansa ya auna jini, ya tambayi Baraka ko ya daɗe yana yawan shan ruwa da yawan fitsari. Ta ce ya daɗe, ita ta ɗauka zafin rana ne. Majo ya ce ciwon sukari ne, shi ya sa bai ji zafin ba, shi ya sa kuma ciwon ya ƙi warkewa. Ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Aka sa su a ambilas zuwa Tawa.

A can aka yanke ƙafar, ƙasa da gwiwa kaɗan. Baraka ta yi jinya a kan tabarma a bakin ɗakin marasa lafiya, Hannatu tana zuwa tana komawa. Aka sayar da awakin gidan. Suna can ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo baya. Duk sanda aka yi tsawa Maiguwa yakan juya fuskarsa bango.

Da aka sallame su suka dawo gida, aka gyara masa shimfiɗa a rumfar tsakar gida. Mutane suka yi ta zuwa sannu. Da suka ragu, ya ce wa Baraka ta je ta gano masa gonar.

Ta je. Filin da ya sare ya koma kore, ba na dawa ba. Kowane kututture ya fito da rassa masu laushi, sun kai mata ƙugu, ƙayoyinsu har sun fara tauri. Karan da ya tara a kansu ya jiƙe ya ruɓe. A gefen rijiya, inda suka haƙe saiwa a shekarun baya, nan ne kaɗai ƙasa ke buɗe, ita ma ƙananan tsiro sun fito mata ko'ina. Ta daɗe a tsaye kafin ta juyo.

Ta tarar da Alƙasim yana dafa shayi a gefen shimfiɗar.

“Ƙaƙa kinka gane ta?” Maiguwa ya tambaya.

Ta so ta sassauta, amma ba ta saba yi masa ƙarya ba. “Sun tofo, Maigida. Duka.”

“Duka?”

“Duka. Sai wajen rijiya.”

Ya dubi dungun ƙafarsa da ke naɗe da farin ƙyalle. Sannan ya ɗago ya dube ta, da wani kallon da ba ta taɓa gani a idonsa ba.

“Ke kinka kawo muna ita,” ya ce. “Da hannunki kinka dasa ta. Kina nuna ma baƙi kina alfahari. To ga ta nan, ta ci gonar ubana, ta ci ƙafata. Sai ki je ki nuna musu.”

“Haba, Maiguwa!” in ji Alƙasim. “Ka ji tsoron Allah.”

Baraka ta sunkuya ta ɗauki ƙwaryar da ya sha fura, ta shige ɗaki.

Daga ranar magana ta mutu a gidan. Ba ta rage masa komai ba. Ta dama masa kunu ba sukari kamar yadda aka ce, ta wanke ciwon ta sake ɗauri, ta tallafe shi zuwa bayan gida, ta kawo masa ruwan alwala. Amma in ba “ga abinci” ko “ɗaga” ba, babu abin da ke fita bakinta. Shi ma bai nemi zancen ba. Yakan bi ta da ido in tana kai da kawo, in ta juyo ya kawar da kai. Sun shekara fiye da arba'in tare, sun yi faɗa iri-iri, amma ba su taɓa yin irin wannan ba.

Ta koma gona ita kaɗai. Ba ta taɓa gefen ƙorama ba, ta san ya fi ƙarfinta. Ta share wajen rijiya ta shuka dawa, ko da yake lokaci ya ɗan wuce. Sannan ta shiga tsige ƙananan ƙayoyin da ke fitowa tsakanin shukar. In ƙasa na da damshi sukan fito har saiwa, amma yawansu ya wuce misali, kuma bayanta ba ya jure sunkuyo. Takan dawo da la'asar tana tafe tana dafa ƙugu.

Wata ranar Juma'a Kamilu ya kira ta salular maƙwabta, aka kawo mata har tsakar gida. Ya tambayi jikin ubansa, sannan ya ce Hannatu ta gaya masa abin da take yi.

“Inna, don Allah ki bar gonar ga. Ta ci ƙafar Baba, so kike ta ci taki? Ni zan riƙa aiko da abinci.”

“Allah shi yi maka albarka,” ta ce. “Amma ba ni barin ta.”

“Don mi, Inna?”

Ta manta da rumfar da ke bayanta, ko kuma ba ta manta ba. “In na bar ta, ubanka zai ce na gama abin da na fara.”

Kamilu bai gane ba, ya yi ta tambaya, ta ce ba komai, ta yi masa addu'a ta miƙa salular. Maiguwa yana kwance ido rufe, carbinsa ya tsaya a hannunsa.

Washegari ta tafi gona kamar kullum. Rana ta ɗan ɗaga sai ta ji ƙarar amalanke. Alƙasim ne yake jan jaki ta 'yar hanyar da ta rage tsakanin ƙayoyi, Maiguwa yana zaune a baya riƙe da buhu. Ta miƙe tsaye tana kallonsu.

“Ni dai an aike ni ne,” in ji Alƙasim. “Na ce masa majo ya hana, ya ce in ban kawo shi ba da rarrafe zai zo.”

Ya sauke shi a bakin shukar, ya shimfiɗa masa buhun, ya ce zai dawo da azahar, ya ja jakinsa ya tafi.

Maiguwa bai dube ta ba. Ya gyara zama a kan buhun, ya miƙa hannu ya tsige ƙaramar ƙaya, ya kakkaɓe ƙasar saiwar ya ajiye gefe. Ya tsige wata. Da ya gama da waɗanda hannunsa ke kaiwa, ya dafa ƙasa ya ja jikinsa gaba, ya jawo buhun. Baraka ta tsaya jim, sannan ta koma kan nata layin. Suka yi ta aiki, shi a zaune ita a sunkuye, har suka zo daidai da juna.

“Baraka.”

“Na'am.”

“Husna. Ƙaƙa ta rasu?”

Hannunta ya tsaya a kan tsiron da ta kama. Tun da ya dawo daga Abijan aka ce masa yarinyar ta rasu, ya yi addu'a ya yi shiru, bai taɓa tambayar yadda aka yi ba. Ita ma ba ta taɓa faɗa ba.

Ta zauna a ƙasa. “Gudawa ce ta kama ta. Nonona ya ƙafe, kunun da nike ba ta ba ya zama. Babu mai riƙe mini ita, kowa na wajen aiki, sai in goya ta in tahi. Rannan muna can gefen tsauni muna dashe. Tun safe tana kuka, can sai ta yi shiru. Na ce barci ne, har na ji daɗi. Na dasa layi guda da ita a bayana. Rukaiya ce ta zo wucewa ta ce, ‘Baraka, kwance goyon ga.’”

Maiguwa ya sunkuyar da kai.

“Tsofaffin da sunka rage a gari sunka rufe ta. Washegari na koma aiki, don in ba ka je ba babu awo, ga yara biyu na kallona. Na dasa su da kyau, Maigida. Kowane rami da hannuna na danne ƙasar, na kewaye shi da dutsi don kada akuya ta ci. In an ba mu ruwan sha, nakan rage in zuba musu. So nike in ga wani abu da na taɓa ya rayu.” Ta share fuska da bakin zanenta. “Ya kuwa rayu.”

Wata kurciya tana kuka a cikin sarƙaƙiyar.

“Maganar da na gaya miki,” in ji Maiguwa, “ba ke na gaya ma ba. Ke ce dai kusa. Ki gafarta mini.”

“Ta yi mini ciwo.”

“Na sani.”

“Har jiya ban gafarta ba,” ta ce. “Yanzu na gafarta.”

Ta jawo gorar fura ta miƙa masa. Ya sha ya miƙo mata.

Haka suka yi sauran damina. Ba kullum ba, sai ranar da Alƙasim ya sami sarari. Baraka takan naɗe dungun da leda a kan ƙyallen, amma ƙasa ba ta rasa hanyar shiga. Ta yi masa magana, ya ce zaman rumfa ne zai fi saurin kashe shi. A gonar yakan yi hira fiye da yadda ya yi a shekaru. Ya ba ta labarin dakon da ya yi a tashar jirgin ruwa ta Abijan, da yadda ake kwana a tsaye in an yi ruwa. Ita kuma ta ba shi labarin matan da suka yi aikin dutse, wadda ta mutu da wadda ke raye. Dawar ta tashi, ba ta da yawa, amma tsakaninta fes.

Dawar tana fara fitar da kai ciwon ya buɗe. Zazzaɓi ya rufe shi. Hannatu ta zo daga Keita, ta ga dungun, ta juya kan uwarta tana kuka.

“Inna, ƙaƙa za ki bari a kai shi gona da ciwo? Ba a hana ba?”

Baraka ba ta kare kanta ba. Maiguwa ne ya ce daga kwance, “Bar uwarki. Ni na kai kaina.”

Aka ce a mayar da shi Tawa, ya ƙi. Majo ya zo har gida ya yi masa allurai, ya ja Hannatu gefe ya yi mata magana a hankali. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, Baraka tana ba shi ruwa da ludayi, ya ce mata in an yanke dawar kada a bar dabba ta shiga karan. Ta ce to. Ya yi kalmar shahada, ta taya shi. Kafin azahar ya cika.

Ta shiga takaba. Alƙasim da 'ya'yansa ne suka yanke dawar suka kawo mata har gida. Kamilu bai sami jana'iza ba, hanya ta yi nisa. Ya zo daga baya ya yi wata guda, ya ɗauki digar ubansa ya haƙe wasu gindaye, hannuwansa suka yi kanta suka fashe. Ya ce in ya dawo baɗi zai ɗauki ma'aikata. Ya koma, baɗi ta zo bai samu dawowa ba.

Baraka ta riƙe ɗan filin damina biyu. A ta uku kafaɗarta ta ƙi ɗaguwa, idonta kuma ya fara hazo, har takan kama ƙaya tana zaton ciyawa ce. Hannatu ta zo da mota ta kwashe ta da 'yan kayanta zuwa Keita. Ba ta yi gardama ba. Ta dai ce a tsaya ta yi sallama da maƙwabta, aka tsaya.

A gidan Hannatu aka ba ta ɗaki kusa da ƙofa. Tana tsince wake, tana riƙon jikoki, ba ta cika fita ba. Wata ranar kasuwa aka ce tana da baƙo. Alƙasim ne, ya rame, rawaninsa ya yi masa yawa. Ta sa aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo fura. Suka gaisa, suka tambayi juna jiki, ya gaya mata wanda ya mutu da wanda ya haihu a ƙauyen. Ba ta tambayi gonar ba, sai shi ya kawo zancen. Ya ce wasu masu gawayi daga wajen Buza sun zo suna neman izinin sara a ciki.

“Su sare,” ta ce. “Ko sun bar mata kututture, su dai sare.”

“Zan gaya ma maigari.” Ya juya ƙwaryar a hannunsa. “Ni ma sallama na zo yi miki. Burtalin da muke bi zuwa mashaya ya rufe. Shanun da sunka rage ba su da yawa, yara sun ce mu yi arewa da su, wajen dangin uwarsu.”

“Da tsufanka?”

“Da tsufana.”

Baraka ta kira jikarta ta ce ta ɗebo wake a ƙulla masa, da ɗan sukari da ganyen shayi. Ya ce ba sai an yi ba, ta ce sai an yi. Ta raka shi har bakin ƙofa tana dafa bango.

“Ka yi muna abin da ɗan'uwa bai yi ba,” ta ce. “Allah shi saka maka. In na yi maka wani laifi ka gafarta.”

“Babu komai tsakaninmu sai alheri. Ni ma ki gafarta mini, ni na riƙa kai shi.”

“Da ba ka kai shi ba, da ya mutu ba mu magana.”

Alƙasim ya ja rawaninsa ya rufe baki. Ya saɓa ƙullin a kafaɗa ya bi hanyar kasuwa. Ta tsaya tana kallon inda ya bi, ko da yake idonta ba ya kaiwa nesa, har jikar ta zo ta kama hannunta ta mayar da ita ciki. Ba su sake ganin juna ba.